Ogustin, mai neman farin ciki

Manomi a Gazawa yana so rumbunsa ya cika da hatsi. Ɗan kasuwa a Agiye yana so ya samu riba. Makiyayi a Gidan Rumji yana so shanunsa su yi yawa. Dukansu abu guda suke nema, shi ne farin ciki. Akwai wani malami, ɗan Afirka, da ya daɗe yana tunani a kan wannan.

An haifi Ogustin a shekara ta 354 a garin Tagaste, cikin ƙasar da ake kira Aljeriya yanzu, arewa da Nijar. Sunan uwarsa Monika. Yaro ne mai ƙwaƙwalwa, amma ga ƙiriniya. Yana da shekara 16, shi da abokansa suka saci ƴaƴan itacen wani maƙwabci. Ba yunwa suke ji ba, sai suka watsa wa aladu. Har ya manyanta bai manta da wannan laifi ba.

Ya yi karatu a Kartaji, ya koyar a Roma da Milan. Ya samu suna da girma, amma hankalinsa bai kwanta ba. A shekara ta 386 ya bar aikinsa, ya koma ƙauye. Can ya zauna da uwarsa da ɗalibansa kwana 3 suna muhawara a kan farin ciki. Suka gane kowane ɗan Adam yana son sa. Amma dukiya takan ƙare, mulki yakan wuce. Mai tsoron rasa abin hannunsa kuwa ba shi da kwanciyar rai. Saboda haka Ogustin ya koyar cewa farin ciki na gaskiya yana wurin Allah, wanda ba ya gushewa.

A shekara ta 387 ya karɓi addinin Kirista. Ya komo gida, ya sayar da gādonsa, ya raba wa talakawa. Daga baya ya zama shugaban Kiristocin Hippo, garin da ake kira Annaba yau. Ya rasu a shekara ta 430, abokan gaba suna kewaye da garin. Shekaru ɗaruruwa bayansa, malamai irin su Toma Akwinas suka yi ta nazarin littattafansa.

Tambayoyi
1. Ina aka haifi Ogustin?
2. Don me suna da girma ba su ishe shi ba?
3. Mene ne yake sa ku farin ciki? Yana daɗewa?