Fela Anikulapo-Kuti: Ɗan gidan limaman coci da ya yi fito-na-fito da gwamnatocin soja

Gidan da aka haifi Olufela Ransome-Kuti a Abeokuta, ranar 15 ga Oktoba, 1938, gida ne na malamai da limaman coci, ba na maroƙa ba. Mahaifinsa, Israel Oludotun Ransome-Kuti, limamin cocin Angilika ne, shugaban makarantar sakandare ta Abeokuta, kuma shugaba na farko na ƙungiyar malaman makaranta ta Najeriya. Mahaifiyarsa, Funmilayo, ita ce ta jagoranci matan kasuwar Abeokuta wajen ƙin harajin da aka ɗora musu, gwagwarmayar da ta kai ga Alake na Egba ya sauka daga karaga na wani lokaci a 1949. Kiɗa ma yana da tushe a gidan, domin kakansa, Josiah Ransome-Kuti, ya shirya waƙoƙin coci da Yarbanci, har aka naɗe su a faifai a Landan a shekarun 1920.

'Yan'uwansa maza biyu, Olikoye da Beko, likitanci suka karanta. Shi kuwa da ya isa Landan a 1958, kwalejin koyon kiɗa ta Trinity ya shiga, inda ya ƙware a busa ƙahon Turawa. A can ya kafa ƙungiyarsa ta farko, Koola Lobitos, wadda ke haɗa kiɗan hailaif na Afirka ta Yamma da jaz na Amurka. Bayan ya dawo gida a 1963 ya yi aiki na ɗan lokaci a gidan rediyon tarayya, ya kuma sake kafa ƙungiyar a Legas tare da makaɗin ganga Tony Allen. Kasuwa ba ta buɗe masa ba. Matasan wancan zamani sun fi karkata ga Geraldo Pino, ɗan Saliyo mai kwaikwayon salon James Brown, kuma Fela ya ga cewa muddin yana bin sawun wasu, a baya zai tsaya.

Tafiyar da ta sauya shi ita ce ta Amurka a 1969. Ya shafe kusan wata goma, galibi a Los Angeles, cikin ƙuncin rayuwa. A nan ya haɗu da Sandra Smith, 'yar gwagwarmayar baƙaƙen fata, wadda ta ba shi tarihin rayuwar Malcolm X ya karanta. Abin lura shi ne, ɗan Funmilayo sai da ya ƙetare teku kafin ya ɗauki siyasar da ya taso yana gani a tsakar gidansu da muhimmanci. Ya dawo da salon da ya laƙaba wa suna Afrobeat: ganguna masu saƙa da juna, jerin masu busa, amshi na mata, da waƙa guda mai iya cinye minti goma sha biyar ko fiye, wadda sau da yawa sai an yi nisa da kiɗa kafin a ji muryarsa.

Shawarar da ta fi kowace tasiri ita ce ta harshe. Ya rage waƙa da Yarbanci, ya kauce wa Turancin 'yan boko da ya iya sarai, ya rungumi Turancin buroka, wanda direban Legas da ɗan dako a Kano da ɗalibi a Accra duk suke fahimta. Da wannan harshe ya riƙa caccakar cin hanci da zaluncin jami'an tsaro da kwaikwayon Turawa, a gidan rawarsa da ya kira Shrine. A tsakiyar shekarun 1970 ya yar da sunan Ransome, wanda ya ɗauka a matsayin sunan bauta, ya maye gurbinsa da Anikulapo, ma'ana wanda ya sa mutuwa a aljihu. Gidansa kuma ya kewaye shi da waya, ya ayyana shi Jamhuriyar Kalakuta.

Faifansa mai suna Zombie, wanda ya siffanta soja da gawar da ke bin umarni ba tunani, shi ya kai abin maƙura. Ranar 18 ga Fabrairu, 1977, kwanaki kaɗan bayan kammala bikin FESTAC da ya ƙaurace wa, sojoji kimanin dubu suka afka wa Kalakuta. Aka ƙone gidan da kayan kiɗa, aka yi wa Fela mugun duka, aka jefo mahaifiyarsa mai shekara 76 ta taga daga bene. Ta rasu a watan Afrilun 1978. Binciken da gwamnati ta sa aka yi ya ɗora laifin a kan sojojin da ba a san ko su waye ba. A 1979, ana gab da miƙa mulki ga farar hula, ya kai akwatin gawa ƙofar barikin Dodan, fadar gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo, wanda shi ma ɗan Abeokuta ne.

Ya kafa jam'iyya don neman shugabancin ƙasa a zaɓen 1979, hukumar zaɓe ta ƙi yi mata rajista. A 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta ɗaure shi shekara biyar bisa tuhumar fita da kuɗin ƙasashen waje. Ƙungiyar Amnesty International ta ɗauke shi fursunan siyasa, aka kuma sake shi a 1986 a zamanin Janar Ibrahim Babangida.

Rayuwarsa ba ta rasa abin suka ba. Auren mata 27 da ya yi a rana guda a 1978, da shan tabar wiwi a bainar jama'a, da ra'ayinsa game da matsayin mace, sun sa hatta wasu masu sha'awar kiɗansa sun ja baya, kuma da wuya a daidaita wasu daga cikin waɗannan da aƙidar uwar da ta haife shi.

Ya rasu a Legas ranar 2 ga Agusta, 1997, yana da shekara 58. Yayansa, Farfesa Olikoye, tsohon ministan lafiya, shi ne ya sanar da duniya cewa cutar ƙanjamau ce ta yi ajalinsa, a lokacin da iyalai ƙalilan ne a ƙasar ke iya furta hakan. An ajiye gawarsa a dandalin Tafawa Balewa, inda ɗimbin jama'a suka yi masa bankwana. 'Ya'yansa Femi da Seun sun ci gaba da kiɗan, Seun ne ya gaji ƙungiyarsa ta Egypt 80, 'yarsa Yeni kuma ta assasa bikin Felabration da ake yi a Legas kowace Oktoba.