Kakuyici, makahon da ya haɗa kan makafin Japan

Japan ƙasa ce ta tsibirai, can nesa gabas da ƙasar Sin. Shekara ɗari bakwai da suka wuce, makafi da yawa suna yawo bisa hanyoyinta. Sun aske kai ƙwal kamar masu ibada, kowane yana rataye da abin kiɗa da ake kira biwa. Biwa ta yi kama da molo, amma cikinta na itace ne, mai faɗi, tsarkiyarta huɗu. Sukan zauna bakin hanya ko ƙofar ɗakin ibada, su yi kiɗa, su rera labari. Abin da masu saurare suka ba su, shi ne abincinsu.

Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Akashi Kakuyici. An haife shi wajen 1300. Bisa labarin da mutanen Japan suka gada, da idonsa ya tashi. Ya yi karatu a wani gidan ibada na addinin Budda, ya makance yana babba. Bai zauna ɗaka ba. Ya tafi Kiyoto, babban birnin ƙasar a lokacin, ya shiga hannun wani makaho gwanin biwa. Wajen 1340 sunansa ya bazu cikin birni, har manyan gari suna zuwa jin sa.

Labarin da yake rerawa sunansa Heike. Labarin yaƙi ne tsakanin manyan gidaje biyu, Tayira da Minamoto, daga 1180 zuwa 1185. An yi karon ƙarshe bisa teku, cikin jiragen ruwa. Da gidan Tayira suka ga an ci su, sai kakar sarki ta rungumi jikanta, yaro ƙarami wanda aka naɗa sarkin ƙasa, ta faɗa ruwa da shi. Mutane sun yi imani cewa rera wannan labari yana kwantar da kurwar waɗanda suka mutu. Shi ya sa ake girmama mai rera shi. Labarin kuwa dogo ne ƙwarai, ba a ƙare shi a dare ɗaya ko biyu. Duk a ka makaho yake riƙe shi, bayan ya yi shekaru yana bin malaminsa.

Amma gwani ɗaya ba ya ciyar da dubu. Makaho shi kaɗai bisa hanya, kowa na iya korarsa ko ya hana shi ladansa. Kakuyici ya tsara ƙungiyar makafi masu biwa, wadda ake kira Todoza, ya zama shugabanta. Mu ma a garuruwanmu mun san sarkin makafi, sai dai tsarin nasu ya fi yawan matakai. Muƙamai huɗu ne manya: zato a ƙasa, sai koto, sai betto, sai kengiyo a bisa. Yaro makaho in ya shiga, ya samu malami, da sana'a, da ƴan'uwa masu tsaya masa. Mata ba su shiga, wannan kam aibi ne. Makafi mata suka yi nasu ƙungiyoyi dabam, ana ce musu goze.

Da Kakuyici ya tsufa, ya ji tsoron almajiransa za su yi ta gardama bayansa, kowa ya ce nasa labarin ne daidai, ƙungiya ta watse. A 1371 ya sa aka rubuta labarin duka daga bakinsa, kashi 12, da wani kashi na ƙarshe a kan uwar yaron sarki, wadda aka tsamo daga ruwa da rai. A cikin shekarar nan ya rasu, yana da shekara fiye da 70.

Ƙungiyar ta daɗe bayansa. Daga baya hukuma ta yarda makafi su hukunta nasu da kansu. Suka ƙara wasu kayan kiɗa, wasu suka koyi tausa da magani da allura. A 1871 sabuwar gwamnati ta rushe Todoza, makafi da yawa suka shiga wahala. A 1878 aka buɗe makarantar makafi da kurame ta farko a Kiyoto. Littafin Heike da aka fi karantawa a Japan, har a makarantu, shi ne wanda aka rubuta daga bakin Kakuyici.