Yaron Da Aka Musanya Da Doki

Da yawa a cikinmu sun taɓa jin sunan Bishop Samuel Ajayi Crowther, amma kaɗan ne suka san farkon labarinsa da ƙarshensa. Bari mu bi shi daga tushe.

An haifi Ajayi a garin Osogun cikin ƙasar Yarbawa wajen shekara ta 1809. A cikin 1821 mahara suka faɗa wa garin, suka ƙone shi, suka kama yaron tare da uwarsa da ƙannensa mata. Ba a daɗe ba aka raba su. Wanda Ajayi ya faɗa hannunsa ya ba da shi, ya karɓi doki. Dokin kuwa bai gamshe shi ba, sai ya mayar, ya karɓo yaron. Daga nan aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu, har aka ba da shi a bakin taba da barasa. A ƙarshe Turawan Fotugal suka saye shi a Ikko, suka sa shi cikin jirgin bayi a watan Afril 1822.

Jirgin bai yi nisa ba sai jiragen yaƙi na Ingila masu hana cinikin bayi suka tare shi. Ajayi bai san ceto ne ya zo ba. Da ya ga naman alade a rataye cikin jirgin Ingilishi, ya kuma ga harsashin igwa a tare wuri ɗaya, ya zaci naman abokansa ne da kawunansu. Aka kai shi Saliyo, aka 'yantar da shi, ya koyi karatu. Aka yi masa baftisma a 1825, ya ɗauki suna Samuel Crowther. Shi ne ɗalibi na fari a makarantar Fourah Bay a 1827. Matar da ya aura ita ma daga jirgin bayi aka cece ta.

A 1843 aka naɗa shi pasto a Ingila, aka aiko shi ƙasarsa. Yana Abeokuta a 1846 sai ga wata tsohuwa ta zo nemansa. Ashe uwarsa ce, bayan rabuwar shekara 25. Daga baya ta karɓi baftisma, aka sa mata suna Hannatu.

Aikinsa ya kawo shi kusa da mu. Ya hau kogin Kwara tare da Turawa a 1841, inda zazzaɓi ya kashe da yawa daga cikinsu. Ya sake hawa a 1854, amma wannan karo ba wanda ya mutu, gama sun riƙa shan kwinin. A 1857 jirginsu ya bugi dutse kusa da Jebba ya nutse. Bai zauna hannu sake ba, sai ya shiga koyon Nufanci, har ya wallafa littafin nahawunsa a 1864. Ya yi ma'amala da Masaba Sarkin Bida cikin ladabi da girmamawa. Shi ne kuma ya shugabanci juya Littafi Mai Tsarki zuwa Yarbanci.

Ran 29 ga Yuni 1864 aka naɗa shi Bishop a babbar majami'ar Canterbury. Shi ne baƙar fata na fari da Ekklesiyar Angilikan ta ba wannan matsayi. Cikin taron akwai wani tsohon hafsan jiragen ruwa, sunansa Leeke, shugaban jirgin da ya ɗauke shi shekara 42 da suka wuce. Bayan shekara uku wani basarake a bakin Kwara, wai shi Abokko, ya tsare shi, ya nemi fam 1,000 kuɗin fansa. Ku duba fa, wanda a dā darajarsa ba ta kai ta doki ba!

Amma wahala mafi zafi ba daga mahara ta zo masa ba, daga cikin gida ta fito. A 1890 waɗansu samarin Turawan mishan suka zo Kwara da zafin kai. Suka tuhumi ma'aikatansa baƙar fata, suka dakatar da da yawa, har da ɗansa Dandeson, a gaban idon tsohon. Gaskiya ne akwai masu laifi a cikin ma'aikatan, amma an yi shari'ar ba tare da ganin girman furfura ba. Tsohon bai rama ba, bai kuwa bar aikin Ubangijinsa ba. Ciwon shanyewar jiki ya kama shi, ya rasu a Ikko ran 31 ga Disamba 1891. Aka yi shekara kusan 60 kafin a sake ba baƙar fata riƙon ƙasa irin nasa. Sai a 2014 shugaban Ekklesiyar Angilikan ya tsaya a fili ya nemi gafara saboda abin da aka yi masa.

'Yan'uwa, sau da dama mutane suka yanka wa Ajayi kuɗi, ba wanda ya faɗi daidai. Mu ma muna da yara a cikinmu waɗanda a ke rainawa, muna da dattawan da ƙarfinsu ya ƙare cikin aiki. Mu lura da yadda mu ke auna su, kada jikokinmu su zo suna neman gafara dominmu.