YOHANNA OBERLIN, PASTO NA KWARIN DUWATSU

An haifi Yohanna Oberlin a birnin Strasbourg, cikin ƙasar Faransa, a shekara ta 1740. Ubansa malamin makaranta ne, shi kuwa ya yi karatu mai-zurfi. Da ya so, da ya zauna a birni cikin daraja. Amma a shekara ta 1767 ya karɓi kira zuwa wani ƙauye, Waldersbach, a wani yanki da a ke kira Kwarin Duwatsu. Ƙauyuka biyar ne aka danƙa masa, ya kuwa zauna a cikinsu shekara 59.

Wurin ya ci sunansa. Ƙasar tsakuwa ce, sanyi yana da tsanani, dankalin da su ke dogara gare shi ya lalace. Babu hanyar kirki zuwa birni. Mutane suna magana da wani karin harshe nasu, ba su jin Faransanci sosai. Pasto Stuber, wanda ya riga shi, ya soma gyaran makarantu, amma aiki yana nan tuli.

Da fari jama'a ba su yarda da shi ba. Sa'anda ya ce a yi hanya, a kuma gina gada bisa kogin Bruche, suka ce ba shi yiwuwa. Bai yi gardama da su ba. Ya saɓa diga a kafaɗa, ya je ya soma fasa dutse. Da suka ga pastonsu yana zufa, sai suka ɗauko nasu kayan aiki suka bi shi. Hanya ta samu, gada ta tsaya.

Amma Oberlin ya gane hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In diga ta karye, sai a aika birni, gama babu maƙeri. Domin wannan ya zaɓi samari masu-hankali, ya aike su Strasbourg su koyi ƙira, da gini, da aikin kafinta, da gyaran amalanke. Ya sa wani ya koyi aikin magani, waɗansu mata kuma aikin ungozoma. Suka komo gida, suka koya wa ƙannensu. Kuɗin da dā ya ke fita zuwa birni ya zauna a ƙauye.

Wajen noma ma hakanan ya yi. Ya san manomi ba ya barin hanyar kakansa domin wa'azi, gani ya kori ji. Sai ya dasa itatuwa masu-'ya'ya a gonarsa ta bakin hanya, ya zuba taki, ya bar masu-wucewa su gani. Su da kansu suka zo suna tambaya. Ya koya musu auren itace da tara taki, ya kawo sabon irin dankali. A shekara ta 1778 ya kafa ƙungiyar manoma, inda su ke haɗuwa suna shawara. Ya kuma kafa asusun rance marar-ruwa domin talaka ya sayi kayan aiki.

Bai manta da mata ba. A shekara ta 1769 ya iske wata budurwa, Saratu Banzet, tana tara ƙananan yara a ɗaki tana koya musu saƙa. Ya ɗauke ta aiki da albashi, ya horad da waɗansu 'yan mata su yi kamarta. Yara suna saƙa, suna koyon waƙa, da labarun Littafi Mai-Tsarki, da sunayen tsire-tsire, da Faransanci. Makarantun nan suna cikin makarantun ƙananan yara na fari a Turai. Wadda ta fi shahara cikin malaman ita ce Louise Scheppler, wadda ta shiga gidansa tana yarinya mai-aiki. Bayan rasuwar matarsa a shekara ta 1783 ita ta goyi 'ya'yansa, ita kuma ta riƙe makarantun.

Oberlin ya rasu a shekara ta 1826, aka bizne shi a ƙauyen Fouday. Aikin bai mutu tare da shi ba. Louise ta ci gaba da koyarwa har mutuwarta a shekara ta 1837. A Amurka kuma, a shekara ta 1833, aka kafa kwaleji aka sa mata sunansa.

'Yan'uwa, Manzo Bulus ya umurci Timothawus ya danƙa koyarwa ga amintattun mutane waɗanda za su iya koya wa waɗansu. Abin da Oberlin ya yi ke nan, cikin sujada da cikin gona. Ya ku dattawan Ekklesiya, ku duba cikin ƙauyenku. Wane saurayi za ku aika ya koyi sana'a ya komo? Wace budurwa za ku horar ta koya wa yara? Idan shugaba ya riƙe kowane aiki a hannunsa, ran da aka bizne shi za a bizne aikin tare da shi.