Wane ne Al-Battani, kuma lissafin taurarin da ya yi duba ne?

Godiya ta tabbata ga Allah.

Shi ne Abu Abdullahi Muhammad bin Jabir bin Sinan Al-Battani. An haife shi wajen shekara ta 244 bayan Hijira (858 Miladiyya) a yankin Harran, wanda yake kudancin Turkiyya a yau. Kakanninsa Sabi'awa ne masu girmama taurari, shi ya sa ake yi masa laƙabi da As-Sabi, amma shi Musulmi ne.

Ya zauna a Raƙƙa, bakin kogin Furatu, yana auna rana da wata da taurari tun daga 264 har 306 bayan Hijira. Sakamakon ya tara shi a littafinsa Az-Zij, mai babi 57, wanda ya ƙunshi matsayin taurari 489.

Ga yadda lissafin yake. Ana ɗaukar sama kamar ƙwarya da aka kife, sai a zana kusurwa uku a jikinta: ɗaya saitin kan mai kallo, ɗaya wurin da sama take juyawa a kansa ta arewa, ta uku tauraron kansa. Layukan da suka haɗa su lanƙwasassu ne, don haka lissafin shimfiɗaɗɗen fili ba ya aiki a nan. Idan an san nisan gari daga tsakiyar duniya, da matsayin tauraron a jadawali, aka kuma auna tsayinsa, sai a gane nawa ya shuɗe na dare da kuma jihar da tauraron yake. Al-Battani ya yi aiki da jaibi, wato rabin igiyar baka, maimakon cikakkiyar igiya irin ta Batlimus, aikin ya yi sauƙi ƙwarai.

Ya auna shekarar rana ya samu kwana 365 da awa 5 da minti 46 da daƙiƙa 24. Kuskurensa bai kai minti uku ba. Hanyarsa ta gano alƙibla kuwa kusantarwa ce kawai, malaman falaki na bayansa irin su Al-Biruni sun fi shi ƙwarewa a wannan.

Malamai sun bambanta lissafin tafiyar taurari, wanda ake sanin lokutan salla da alƙibla da shi, wannan halal ne, da jingina musu arziki ko mutuwa ko sanin gaibu, wannan haramun ne. Awon da aka bayyana a sama yana cikin kashi na farko.

Ya rasu a 317 bayan Hijira (929) kusa da Samarra, a hanyarsa ta komawa daga Bagadaza. An fassara littafinsa zuwa Latin a ƙarni na 12, Kofanikas ma ya kafa hujja da awonsa. Allah Ya jiƙansa.

Wallahu a'alam.