Tarihin Likita Frederick Banting, Wanda Ya Gano Maganin Ciwon Sukari

A wajen malaman jami'a, ana auna darajar mai bincike da yawan takardun da ya wallafa, da kuma yawan malaman da suka ambaci aikinsa cikin nasu rubutu. Tarihin Likita Banting ya nuna yadda takarda guda takan haifi wata, har amfanin ya kai ga marasa lafiya.

An haife shi ran 14 ga Nuwamba, 1891, a Alliston cikin ƙasar Kanada, ubansa manomi ne. Ya gama karatun likita a Jami'ar Toronto cikin 1916, sa'an nan ya tafi Yaƙin Duniya na Farko yana jinyar soja, inda aka yi masa rauni cikin 1918. Da ya komo gida ya buɗe wurin duba marasa lafiya, amma masu zuwa kaɗan ne, sai ya haɗa da koyarwa.

A zamanin nan, yaron da ciwon sukari ya kama ba ya daɗewa. Abin da likitoci ke iya yi kawai shi ne su rage masa abinci ƙwarai, har ya rame. Tun 1889 malamai biyu a Turai, Minkowski da von Mering, sun nuna cewa in aka cire wa kare wata tsoka da ke bayan tumbi, watau fankiriyas, ciwon yakan kama shi. Saura a ware sinadarin da tsokar ke fitarwa.

Cikin Oktoba 1920, Banting yana shirin darasi, ya karanta takardar wani likita, Moses Barron, game da tsokar nan. Daga nan dabara ta zo masa. Ya je wurin Farfesa Macleod a Toronto, ya samu ɗakin gwaji da karnuka da wani ɗalibi, Charles Best. Suka fara aiki cikin Mayu 1921. Daga baya James Collip ya shigo ya tace ruwan da suka tatso, har ya yiwu a yi wa mutum allura da shi. Cikin Janairu 1922 aka yi wa wani yaro allurar a asibitin Toronto, sukarin jininsa ya sauka, ya farfaɗo. Sinadarin nan shi ne insulin.

Takardar farko ta Banting da Best ta fito cikin Fabrairu 1922. Akwai kurakurai a cikinta, kuma an gane cewa hanyar da ya fara bi ba lalle sai da ita ba. Amma a kanta sauran masu bincike suka ɗora. Cikin 1923 aka ba shi kyautar Nobel tare da Macleod. Ransa ya ɓaci da aka bar Best, sai ya raba kuɗinsa da shi.

Bayan haka ya yi bincike a kan ciwon daji da lafiyar matuƙan jirgin sama, amma ba wanda ya kai na farkon. Ya rasu ran 21 ga Fabrairu, 1941, bayan jirginsa ya faɗi a Newfoundland kan hanyarsa ta zuwa Ingila. Yanzu ranar haihuwarsa ita ce ranar ciwon sukari ta duniya, kuma miliyoyin mutane da allurar nan suke rayuwa.