Malam Aminu Kano Da Ƙofar Makaranta

A shekarar 1954 Babbar Kotun Amurka ta yanke hukunci cewa raba makarantun 'ya'yan farar fata da na baƙar fata ya saɓa wa dokar ƙasa. Duk da haka, a 1957 sai da aka sa soja suka raka yara tara baƙaƙe kafin su iya shiga makaranta a garin Litil Rok. Mu nan Arewa namu bambancin na haihuwa ne. Makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909 ajin 'ya'yan sarakuna dabam yake, 'yan mata kuwa sai a 1930 aka buɗe musu makaranta a Kano da Katsina. Cikin waɗanda suka ƙi yarda da wannan hali akwai marigayi Malam Aminu Kano.

An haife shi a Kano a 1920, a gidan malamai. Ya yi Midil ta Kano, ya gama Kwalejin Kaduna a 1942, sa'an nan ya koyar a Midil ta Bauchi, inda ya shaƙu da Malam Sa'adu Zungur. A 1946 aka aika da shi Ingila ƙaro ilmin koyarwa. Da ya komo ya kafa jam'iyyar malaman makaranta ta Arewa a 1948.

Daga nan aka kawo shi Maru shugabancin makarantar horon malamai. Mu mutanen Magami da Bunguɗu da Tsafe mun san Maru, mun kuma san yadda wurin yake a gefe a wancan zamani. Amma a ganinmu babu inda ya fi dacewa da shi. Malamin elementare da za a tura ƙauye shi ne zai tarar da ɗan hakimi da ɗan manomi a aji guda, shi ne kuwa zai zaɓi wanda zai ba allo da wanda zai aika ɗebo ruwa. Irin waɗannan malamai Malam Aminu ya zauna yana horarwa.

Ya bar aikin a 1950 ya shiga siyasa, ya zama shugaban NEPU a 1953. Ko a can bai saki maganar ba. Ya yi ta nanatawa, da hujjar addini, cewa ɗan talaka da ɗiya mace suna da hakki a ilmi daidai da kowa, ya kuma goyi bayan makarantun Islamiyya da ke karɓar 'yan mata. Manya da yawa ba su ji daɗin wannan ba, magoya bayansa kuwa sun sha ɗauri.

Ya rayu har ya ga an fara ilmin firamare kyauta ga kowane yaro a 1976. Allah ya yi masa rasuwa ran 17 ga Afrilu, 1983, aka rufe shi a gidansa da ke Gwammaja.